Yadin da Gwaggo Ta Wanke

A Belbeji kowa ya san Raishatu da bugun fure. Takan shimfiɗa farin yadi a kan faffaɗan dutse, ta jera ganye da furanni, ta ninke, ta yi ta bugu da 'yar guduma har ruwansu ya zauna a jikin yadin, kowane ganye da siffarsa. Maƙwabta na yi mata tsiya, wai mata na dakan hatsi, ita tana dakan ciyawa.

Mijinta Hashimu ne ke kawo mata kayan aikin cikin hularsa, daga ɗan lambunsa na bakin rijiya. Na ƙarshe da ya kawo, jan zoɓo ne da ganyen lalle da furen kuɓewa. Yana zaune yana zuba mata surutu, har shi ma ya jera wasu a kan yadi da hannunsa, duk a karkace, ta buga su a haka. Da yamma zazzaɓi ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba.

Ta shiga takaba ba ta samu ta tsoma yadin a ruwan alif ba, wanda shi ke kama launi. Sai ta ɓoye shi ƙarƙashin katifa, nesa da rana da ruwa. Lambu kuwa awaki suka gama da shi. Yadin ne kaɗai abin da ya rage mata na hannun Hashimu, kuma tana ji da shi fiye da komai.

Ranar fita takaba mata suka cika gida. Bisa al'adarsu, duk abin da ta sa ko ta kwanta a kai sai an wanke. Ana yi mata kitso a rumfa, Gwaggo Halimatu, ƙanwar mahaifin marigayin, ta kwashe ɗakin kaf. Mace ce da ba ta raga wa datti, in ta kama wanki sai da kanwa.

Bayan la'asar ta zo da fara'arta, ta ɗora wa Raishatu ninkakken yadi a cinya.

"Ɗiyata, wannan ya ba ni wuya. Miya ce ta zube a kai? Sai da na jiƙa shi a kanwa, na dirje, na shanya a rana kafin ya fita."

Raishatu ta warware shi. Fari fat. Ta ɗaga shi sama tana neman ko da gefen ganye ɗaya, babu. Ga tsohuwa tsaye tana jiran godiya.

"Sannu da aiki, Gwaggo," in ji ta. "Ya fita."