Alhaji Ƙurji Ya Ƙi Tashi

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma ba zan ɗora wa tuwon da na ci laifi ba, laifin haɓata ne.

Shekarata talatin da shida, amma har yau ƙurajen balaga ba su sami labarin na gama balaga ba. Ina budurwa aka ce in na yi aure za su tafi. Na yi auren, suka raka ni har ɗakin miji suka zauna. Aka ce to, sai na haihu. Shekara takwas ke nan ni da mijina Tasi'u muna jiran haihuwar, ita ba ta zo ba, su ba su tafi ba. Abin haushin kuma, man gyaran fata nake sayarwa a kasuwar Rimi. Mace za ta ɗauki kwalba ta dubi hoton da ke jiki, ta ɗago ta dubi haɓata, ta ajiye a hankali ta ce za ta dawo.

Akwai babbansu, wanda ke fitowa a gefen haɓa duk wata, kwana uku kafin al'ada. Da na ji zafinsa na san wannan watan ma babu ciki, shi ya sa na fi tsanarsa. Makon jiya na gaji na je asibiti. Likita ta ce ba datti ba ne, sinadaran jikin mace ne ke hawa da sauka. Ta rubuta mini ƙwayar tazarar haihuwa, ta ce in fara sha ranar da al'ada ta zo. Na yi dariya a gabanta, wai matar da ba ta haifi ko ɗaya ba ce za ta yi tazara. Kukan sai a cikin adaidaita na yi shi. Amma na saya, na ce tunda ɗan ya ƙi zuwa, bari ko fuskar in samu. Katin ƙwayar yana ƙarƙashin filo na kwanta.

A mafarkin ina shago ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Mutane sun juya lema sun tsaya a ciki, ba wanda ya damu. Na ɗauki madubi, sai na ga an yanka filaye a fuskata. A kumatun dama an fara gini, a goshi wata mata tana shanyar kaya. A haɓa kuwa bene ne hawa biyu, jan fenti, har da tankin ruwa.

Sai ga ni a Ma'aikatar Filaye da Fuskoki. Akuya ce babbar sakatariya, da tabarau a kan hanci, tana tauna fayil ɗin wanda ya riga ni shiga.

"Hajiya, me ke tafe da ke?"

"Ranki ya daɗe, 'yan haya nake so a tasar mini."

"Ina takardar fuskar?"

"Tawa ce fa, da ita aka haife ni."

"Kowa haka yake cewa."

Ta ja durowa ta fito da ƙaton kwaɗon ƙofa ta dire a tebur. "Wannan shi likitarki ta ba ki. Wata uku ba sauran ɗan haya. Sai dai gidan gaba ɗaya ake kullewa, ba shiga ba fita."

"Ina da baƙon da nake jira," na ce.

"Tun yaushe?"

"Shekara takwas."

"Ya san gidan kuwa?"

Na so in mare ta, amma ban taɓa marin ma'aikaciyar gwamnati ba, balle mai ƙaho. Na haɗiye, na tambaye ta ko akwai wata hanyar.

"Akwai wata ƙwayar," ta ce, "ita ba ta kulle ƙofa, amma za ki tare a banɗaki, kuma ba ta zama gida ɗaya da jariri. Akwai man shafawa, shi ba ruwansa da baƙonki, sai dai a bayan kunkuru yake tahowa. Akwai shayin na'a-na'a, wasu sun ce ya yi musu, wasu sun ce fitsari kawai suka samu. Sannan ki rage zaƙi, ki bar madara." Ta sunkuyo ta rage murya. "Ta madarar nan, gaskiya har da son kaina a ciki."

Ina fitowa Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ta tare ni da baro. Ta kwaɓa man goge baki da kurkur da lemun tsami, ga cokalin magina a hannunta.

"Zulai, tsaya in yi miki yaɓe."

"Gwaggo, wannan ne fa ya ƙona ni bara."

"Ai ƙunar ce alamar yana aiki. Kin daina cin gyaɗa?"

"Shekara goma ke nan."

"To koma ci, wataƙila fushi ta yi."

Ruwa ya ɗauke ta ya yi sama da ita, tana tafe tana ce mini in gwada toka.

Sai na tsinci kaina a falon benen nan na haɓata. Maigidan yana zaune a kan darduma, gajere, jajir, yana sheƙi, da 'yar farar hula a tsakiyar ka. Ba sai an gaya mini ba, na san Alhaji Ƙurji ne. Ya zuba mini shayi.

"Hajiya, sau nawa kika matse ni?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Ban taɓa kai ki ƙara ba."

"Kai ne za ka kai ni ƙara?" na ce. "Duk wata kai ne ke riga kowa zuwa ka ce mini babu. Tasi'u yana shigowa ya dubi haɓata, ya ce Allah ya kai mu wani watan. A fuskata yake karanta sakamako, Alhaji. Na gaji, wallahi na gaji."

Ya bar ni na yi kukana, hawayen suna tashi sama suna jiƙa masa silin. Sannan ya gyara hula.

"Ni ɗan aike ne, ba ni ke rubuta saƙon ba. Kuma ba saƙo ɗaya nake kaiwa ba. Wani zuwan sanarwa ce, wani zuwan kuma ana turo ni in riga baƙo isowa. Da can kwana nawa nake yi kafin al'adarki ta biyo ni?"

"Uku."

"Wannan karon fa?"

Ban sani ba. Tun da ya fito nake yaƙi da shi, ban tsaya na ƙirga ba.

Kafin in yi magana sai ga akuyar nan a bakin ƙofar gida da kwaɗonta, tana duba agogo. "Hajiya, za mu tashi daga aiki. In kulle?"

A daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofar daga waje. Ba da ƙarfi ba. Can ƙasa-ƙasa, wurin da hannun babba ba ya kaiwa sai ya durƙusa. Ɗas. Ɗas. Ɗas.

"Waye?" na ce.

Ba amsa. Akuya ta zura kwaɗon a marfi. Na yi tsalle na kama ta a ƙaho, duk da muƙaminta, muka yi ta kokawa, tabarau ya faɗi sama. Ina ihu kar ta kulle, ana ta ƙwanƙwasawa, ɗas, ɗas, ɗas.

Na buɗe ido. Famfon tsakar gida ne ya kawo ruwa, yana ɗiga a cikin bokitin da babu komai, daga sama zuwa ƙasa yadda Allah ya yi shi. Gari ya waye, filo a ƙanƙame a hannuna, katin ƙwayar ya faɗo ƙasa.

Na taɓa haɓa. Yana nan, da zafinsa. Na fara ƙirga a yatsu tun daga ranar da ya fito, ranar sunan gidan maƙwabta. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare, na shiga ɗayan, su ma suka ƙare.

Tasi'u ya leƙo da buta a hannu, ya ga katin a ƙasa. "Kin fara shan maganin?"

"Sai al'ada ta zo aka ce."

Ya dubi haɓata kamar kullum. "Ai ga ɗan aikenta nan."

"Kwanansa goma sha ɗaya," na ce.

Butar hannunsa ta karkace, ruwa yana zuba a ƙafarsa bai sani ba. Ni kuwa na jawo madubi na dubi Alhaji da farar hularsa, na ce masa ya zauna, ba mai matsa masa.