Kadarkon Hama

"Ja da ƙarfi, Mamani. Wanga ja ne ko gaisuwa?"

Mamani ya ƙara jan igiyar ɗanyar fata har yatsunsa suka yi fari. Hama masassaƙi, maƙwabcinsa tun suna samari, yana zaune a kan turmi yana ba da umarni, don tari ya ƙwace masa ƙarfin hannu ya bar masa na baki.

A Dakoro ta lokacin, da kumandan Nasara bai daɗe da kafa bariki ba, doguwar azara sai daga kudu, kuma duk wadda ta iso ta Nasara ce. Shi ya sa Hama ya fere guntayen icen aduwa sirara, ya dafa fatar saniya har ta zama manne, yana jera su bakwai-bakwai, gaɓar wannan ba ta haɗuwa da ta wancan. Dogaye biyu yake so, waɗanda za su ƙetare koramar da ta raba unguwa da maƙabarta. Mutane suka ce tsufa ne ya taɓa shi. Mamani ma ya faɗa, amma a bayan idonsa.

Ya san dalili kuwa. Habi, matar Hama, tana kwance a ƙetare. Bara da damina wani tsoho ya rasu ranar da korama ta cika, aka binne shi a gefen gona. Tun ranar Hama ya shiga tara guntaye.

"Kwana bakwai," in ji Hama da suka ɗaure ƙullin ƙarshe. "Kada ka kwance igiyar nan kahin nan, ko wa ya ce maka."

"Kai za ka kwance abinka."

"To, Allah shi sa."

Ran kwana na biyar aka yi ruwa da safe, Hama ya cika kafin azahar. Korama ta kawo har wuya, tana gudu. Liman ya ce gawa ba ta jira, a haƙa a nan.

Mamani mutum ne da ko a kan akuyarsa ba ya iya musu. Ranar dai ya ce, "A ba ni mutum shida."

Suka ciccibo dogayen nan biyu da igiyoyinsu, suka tura su har suka hau turakun da Hama ya kafa tun rani, aka shimfiɗa alluna. Kowa ya tsaya yana kallon kowa.

"Mannen bai bushe ba," in ji wani.

"Na sani," in ji Mamani.

Ya kama gaban makara ya hau. A tsakiya icen ya lanƙwasa, ya yi ƙara, ruwa na lasar ƙasansa. Mamani ya tsaya cik, nauyin abokinsa a kafaɗa, har ya ji icen ya tsaya shi ma. Sai ya ɗaga ƙafa. Aka kwantar da Hama taku uku daga Habi.

Ran kwana na bakwai Mamani ya zo da wuƙa. Ruwa ya janye, mata na wucewa ta kan kadarkon da itace a ka, ba mai duban ƙasa. Ya tsuguna ya taɓa ƙullin ƙarshe, wanda aka yi masa faɗa a kansa. Fatar ta bushe ta kama icen gam. Ya daɗe a tsugune, kewa ta cika shi, sannan ya mai da wuƙar kube ya koma gida.