Kaluluwa a Wuyan Nayeli

Likita Amparo ta danna kumburin da ke ƙarƙashin haɓar Nayeli. Yarinyar ba ta motsa ba. Wata biyu ke nan kaluluwar tana nan, ba zafi, ba ta kuma sacewa, fatar wurin har ta fara ja.

Kakanta, Don Crisóforo, yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. An ba shi kujera ya ƙi. Uwar yarinyar, 'yarsa Hermelinda, ita ce ta zauna.

"Sakamakon ruwan da muka zuƙa da allura ya dawo," in ji likitar. "Tarin fuka ne. Amma bai kama huhu ba, a wuya ya tsaya. Da magani zai warke, sai dai watanni za ta yi tana sha."

"Babu mai tari a gidana."

"Na sani, Don Crisóforo. Yara uku ke nan a garin da irin wannan."

"To tankin ruwan da kuka kafa mana ne. Tun ranar na ce ban yarda da shi ba."

"Mun ɗebi ruwan tankin, mun ɗebi na rijiya. Ba a ga komai ba. Wannan ƙwayar cutar irin ta shanu ce." Ta ajiye biro. "Yaran nan uku, ina suke karya kumallo ranar Lahadi?"

Hermelinda ta sunkuyar da kai.

Kowa ya san amsar. Shekara talatin mutanen gari na zuwa garken Don Crisóforo ranar Lahadi da sassafe, kowa da kofinsa na yumɓu, da garin cakulan da sukari a ciki. Ya tatsa kai tsaye a kofin, kumfa ta tashi, a sha da ɗuminta. Manya su ɗiga barasa, yara su sha haka. Madarar da ta ga wuta, a wurinsa, ta mutu.

"Wa ya turo ki?" ya ce.

"Baba," in ji Hermelinda.

"Ke, yi shiru. Likita, da wannan madarar na raini yara shida. Dubi Hermelinda nan, ta yi miki kama da mara lafiya?"

"Ban ce duka shanun ba. Ɗaya ta isa. Ka bari likitan dabbobi ya gwada su. Akwai wadda ta shigo garken kwanan nan?"

Ya sa hularsa. "Babu."

A motar komawa gida Nayeli ta yi barci a kafaɗarsa, kumburin yana taɓa hannunsa duk sanda aka faɗa rami.

Amma akwai wata jar saniya a garken. Bara ya saye ta a hannun Anacleto, mutumin da ya riƙe Nayeli a coci ranar baftisma. Musabaha kawai suka yi. Wanda ya riƙe maka jika a gaban bagadi ba ka tambayarsa takardar gwaji, zagi ne. Tana da madara, amma ba ta yin ƙiba, kuma takan yi wani busasshen tari da safe. Ya sha gaya wa kansa ƙaiƙayi ne.

Yana tsaye jikin shinge yana kallonta sai ga Anacleto da sandarsa, yana murmushi.

"Tsoho mai taurin kai, me 'yan birnin suka ce da jikar tamu?"

"Sun ce shanu ne."

"Shanu? Su da ba su san gaban saniya da bayanta ba." Ya yi dariya, ya tofar da yawu. "Kar ka bari su shigo maka. Ai jar nan lafiyarta ƙalau ranar da na ba ka ita."

Crisóforo ya juyo a hankali, ya dube shi.

"Ni na ce maka ja?"

Anacleto ya shiga gyara igiyar hularsa.

Crisóforo ya shiga garken, ya sa wa jar igiya, ya ja ta can bayan rumfa nesa da sauran, ya ɗaure. Sannan ya tsaya a ƙofar kicin, inda Hermelinda ke yanka albasa.

"Kira likitar nan. Ce mata garke biyu za a gwada, nawa da na Anacleto."

"Gobe Lahadi fa, Baba. Mutane za su zo da kofuna."

"Ki fito da babbar tukunya, a tafasa madarar. Ke za ki hura wutar. Ni ba zan tsaya in kalla ba."