Likkafanin Baba Gimba

Da yaƙi ya ƙare aka buɗe hanya, 'yan Arewa suka riƙa komawa Inugu neman gidajensu da rumfunansu. Shi Falalu bai bar komai a can ba, rumfar albasarsa ta Kasuwar Artisan tuni ta bi ruwa. Abin da ya dawo da shi wani farin ƙyalle ne ninke a ƙasan jaka, likkafanin maƙwabcinsa Baba Gimba.

Duk wanda ya zauna unguwar Obiagu kafin rikici ya san tsohon nan. Mai liƙi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe ɓular bokiti da fanteka da dalma. Da ido ya fara yi masa gardama ya ce ya yi ritaya, amma ritayar baki ce kawai. In ya hango mace ta taso daga famfo bokitinta na ɗiga, sai ya tare ta da faɗa kamar ta zage shi, ya ƙwace bokitin, da yamma ya dawo da shi garau. Ka kuskura ka ce nawa ne, ranar kun ɓata. Gwangwanin madara kuwa ba ya shiga bola a layin, fitila yake zama, kuma babu gidan da ba a kunna ta Baba Gimba. Hausawa na ce masa Baba, Ibo na ce masa Papa, yana amsawa duka da tsawa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗa kuma Allah bai ba shi ba. Don haka ya yi wa kansa tanadi irin na tsofaffi, ya sayi likkafaninsa, ya roƙi wani mahajjaci ya jiƙo masa shi da zamzam, ya ajiye a adaka. In damina ta yi nisa sai ya fito da shi ya sha iska, ya ƙwala wa Falalu kira.

"Kai za ka yi mini wanka, kai za ka sa ni a ciki. Kada ka bari Jumare mai wankan gawa ya taɓa ni, hannunsa kamar na mahauci."

"Haba Baba, ai kai za ka binne mu duka."

"Na dai gaya maka."

Sai labarin kashe-kashen Arewa ya iso. Jiragen ƙasa suka fara sauke Ibo a tasha, wasu da raunuka, wasu babu 'ya'yansu. Gari ya ɗau zafi, aka ce 'yan Arewa su tattara su bi jirgi. Lokacin ƙafar Baba Gimba ta kumbura, ko masallaci da ƙyar yake kaiwa. Da hantsi Falalu ya tasa matarsa Haulatu da yara gaba, ita da tsohon ciki, ya ɗora adakar tsohon a ka.

"Baba, zauna nan. In kai su da kayan, in dawo in goya ka."

Tsohon ya zauna a bencin ƙofar gida da hularsa da butarsa, ya ce kada ya daɗe.

Falalu ya sama wa iyalinsa wuri a tarago, ya juyo da niyyar komawa, wallahi da niyya. A bakin tasha ya yi karo da wani ɗan dako an riƙo shi, jini ya rufe masa ido, ana cewa samari sun tare hanya. Ƙafar Falalu ta ƙi gaba. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya koma ya ce wa Haulatu an rufe ƙofa, ba a barin kowa ya fita. Ba a rufe ba. Jirgin nan kuma bai motsa ba sai bayan la'asar. Da mutum zai je Obiagu da rarrafe ya dawo, da ya samu jirgin.

Sai a Kano ya buɗe adakar. Ga guduma, ga almakashin gwangwani, ga likkafani a sama. Ya bar tsoho a bakin mutuwa, ya kuma tafi masa da abin da za a rufe shi. Shekarun yaƙin nan duka bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ko sallar gawa in aka kira, sahun baya yake laɓewa.

Yanzu ga shi a layin nasu, rabin gidajen babu rufi. Bencin na nan. Wata mata ta fito da tsintsiya, sai da ta yi magana ya gane Mama Ngozi ce, mai tuyar ƙosai ta gidan kusa, wadda ta tashi a Jos, Hausa a bakinta tas. Dā mace ce mai jiki, yanzu zane ya zagaye ta har ya yi saura. Suka gaisa, ya yi mata jajen wahala, ta ce 'yarta Ngozin ma babu. Ya kasa tambayar labarin tsohon. Ita ta ce ya biyo ta bayan gida.

Wani ɗan tudu ne a gindin ayaba, an kewaye shi da fasassun bulo. Ta ce ranar da aka tafi ta ja tsohon ta ɓoye a ɗakin girkinta. Mijinta ya ce duk mai son taɓa Papa ya fara da shi. Tsohon ya kai damina ta gaba, yana liƙe musu tukwane da laluben hannu, ya cika kafin yaƙi ya shigo gari.

"Shi ya koya mana komai, yadda ake wankan, da yadda ake kwantarwa. Mun juya fuskarsa inda yake kallo in yana salla. Ya ce ku ba kwa barin gawa ta kwana, amma a ɗan jira, Falalu na tafe da kayansa. Mun jira har rana ta kusa faɗuwa, Malam Falalu, mijina na leƙen hanya. Sannan na naɗe shi da farin zanen gadona."

Falalu ya durƙusa ya zaro ƙyallen. Bai san inda zai ajiye shi ba.

"Kullum cewa yake jirgi ne ya tashi da kai da wuri," in ji ta. "Duk wanda ya zage ka sai sun yi faɗa."

Da ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka. Amma ya gaji da ɗaukarta.

"Mama Ngozi, jirgin bai tashi da wuri ba. Sai bayan la'asar."

Ta sunkuya ta tsince busasshen ganyen ayaba daga kan kabarin.

"Na sani. Ai daga nan ana jin kukan jirgi. Yana kan bencin nan da butarsa lokacin da jirgin ya yi kuka, ya ji da kunnensa. Sai a lokacin ya yarda ya shiga ciki."