Ban Gajiyar Iyatu

Iyatu ta dafa bango ta lalubo takalmanta, ta fice tun kafin masu dubiya su fara sallama. Tun da aka yanke mata hanji a Sakkwato saboda ciwon daji, gidan ɗanta Sufyanu bai rabu da baƙi ba. Mutanen garinsu Gummi kuwa in sun zo duba marar lafiya, a kwance suke son tarar da shi. Ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai wani ya riga ta.

Likita dai bai ɓoye mata ba. Sauran maganin da za a ɗura mata ta jijiya mai ƙarfi ne, in ta koma ƙafafunta ba sa ɗaukarta, ba zai sa mata ba. Ya ce ta riƙa tafiya kullum. Sufyanu ya ji da kunnensa, amma da suka dawo gida sai ya sayo mata sabuwar katifa. Abin ya yi ta cin ranta, har ta tuna akwai fitar da ba a hana mutum: zuwa ban gajiya ga waɗanda suka zo duba shi.

Gidan aminiyarta Habsu nan kusa ne, amma kafin ta kai, gumi ya jiƙe mayafinta, wurin ɗinkin yana ta ja. Ta zube a dakalin ƙofar gida tana haki, ranta fes. Habsu ta leƙo, ta saki salati.

"Iyatu! Wa ya bar ki hita?"

"Ban gajiya na taho. Kawo ruwa ki bar ihu."

Ba ta gama sha ba sai ga Sufyanu a babur, hular ma a karkace.

"Inna, don Allah hau mu koma. Mi mutane za su ce? Na bar uwata tana jan jiki bisa hanya da ciwo?"

Ta dube shi, tausayinsa ya kama ta. Ta san gonarsa ta gero ya jingine da damina saboda jinyarta, ta kuma san tsoro ne ya cika shi.

"Suhyanu, in na kwanta yadda kake so, gidanka zai cika maƙil, kowa na yabonka. Sai dai ba dubiya za ta kawo su ba."

Habsu ta sunkuyar da kai. Sufyanu ya kashe babur ya jingine shi a katangar Habsu.

"Yanzu sai ina?"

"Gidan Lubabatu, ita ma ta zo duba ni."

"Can bayan kasuwa hwa, Inna!"

"To ba ni hannunka," in ji ta. "Ka kuma rage sauri."