Jan Ƙyalle Mai Ƙulli Uku

Zaharadden ya jawo jaka ta huɗu ya jingina ta da bango, ya koma gaban kwamfuta ya duba yadda hotonsa ya fito. Bai gamsu ba. Ya sake tashi ya ɗora wata jakar a kan sauran, ya juyo da jan ƙyallen da ke ɗaure a hannunta yadda zai fito sosai a bayan kafaɗarsa. Yanzu kam duk wanda ya gan shi zai rantse da jakunkunan nan ya tashi tun yana yaro.

"Zahar, kayan mutane ne fa," in ji yayarsa Hikima daga bakin ƙofar siton shagonta. "Ba na ado ba ne."

"Minti talatin kawai, Yaya. A kashe mukayyif ɗin nan, ƙararsa ta yi yawa."

Dela, dattijuwar da ke taya Hikima aiki, ta kashe na'urar sanyin, zafin Jidda na bayan azahar ya shigo ya sami wuri ya zauna. Daga ƙugu zuwa sama Zaharadden babban mutum ne: farar riga a goge, da baƙar kwat da ya aro wurin abokinsa Hatim. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa futa ce, zanen da maza ke ɗaurawa a gida, da silifas. Ya lissafa cewa Turawa ba za su ga ƙasan ba, don haka bai ga dalilin da zai sa ƙafafunsa su sha wahala ba.

Shagon na Hikima ne, a wani lungu na Hindawiyya. Alhazai da masu umara kan kawo mata tsarabar da ta fi ƙarfin jirgi, ta ɗaure, ta aika ta kargo zuwa garuruwansu. Shi Zaharadden magatakarda ne a wani babban sito a unguwar Kurayyat, kuma kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya riga ya faɗa masa cewa nan da wata huɗu aikin ya ƙare, ba za a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Fasfonsa na Sudan ne, ƙasar da bai sani ba sai shekarun jami'a da ya yi a Khartum, gidan kakanninsu na Mai Wurno kuwa tun da aka fara yaƙi ba mai maganar komawa. Abin da ya rage masa shi ne wata makarantar koyon kasuwanci a Turai mai ba baƙi gurbin digiri na biyu da tallafi. Sau uku take yarda mutum ya nema. Wannan ne na ukunsa, kuma shi ne karon farko da aka kira shi ganawa.

Faɗuwa biyun farko ba su dame shi ba sosai, don ya gano dalilinsu. Ya tsinci wani jadawali a intanet, ba a san ma wanda ya haɗa shi ba, wai a cikin baƙin da ke neman makarantar, duk maza goma ana ɗaukar biyu, duk mata goma ana ɗaukar huɗu. Ya buga shi a takarda ya naɗe a walat kusa da iƙamarsa. Babu mai shayin da bai ji wannan lacca ba tsakanin Kurayyat da Ruwais.

"Laifina ɗaya a duniyar nan," yakan ce, yana buga takardar da yatsa, "an haife ni da gemu."

Ranar da ya nuna wa Hikima, sai ta duba can ƙasan takardar ta ce, "To maza nawa suka nema, mata nawa?" Ya ce wannan ba ya cikin magana, ya naɗe abarsa.

A wannan karon makarantar ta ce kowa ya rubuta labarin wata matsala da ya warware a wurin aiki. Zaharadden ya yi kwana uku yana tunani. Babbar matsalar da ya taɓa warwarewa a sito ita ce ta fankar ofis da ke juyawa baibai. Sai ya tambayi Hikima ko zai iya ɗan ambatar shagonta, ta ce bismilla. Ɗan ambaton nan ya cinye shafi biyu. A ciki, shi ne ya lura kaya na ɓata saboda masu lodin ba rubutu ɗaya suke karantawa ba, wani Larabci, wani boko, wani babu ko ɗaya. Shi ne kuma ya ƙirƙiro ɗaura ƙyalle mai launi a kowace jaka. Bai ba ta ta karanta ba.

Fuskar kwamfutar ta yi haske. Tun asuba yake addu'a kada a haɗa shi da mace, Allah kuwa ya amsa: wani dattijon farfesa ne mai sanƙo, da tabarau a kan hanci. Zaharadden ya ji daɗi har cikin ransa. Namiji da namiji, yau za a yi adalci.

Minti goman farko sun tafi lafiya. Ya zuba Turancin da ya hardace, ya yi maganar hangen nesa da jagoranci, farfesa na gyaɗa kai. Hikima ta zauna a kan wani buhu a gefe inda hoto bai kai ba, Dela kuma na can tana jera kaya. Sai farfesa ya ɗauko takarda ya ce akwai wurin da ya burge shi, ya fara karantawa a bayyane: yadda mai rubutun ya kwana yana tunani, yadda ya yanka tsofaffin zannuwa ya yi ƙyallaye, yadda ya koya wa ma'aikatansa.

Zaharadden bai kalli gefe ba. Ba sai ya kalla ba. Hikima ta riga shi gama jami'ar nan ta Khartum da shekara biyu, da sakamakon da ya fi nasa, Turancinta kuma ya fi nasa nisa. Zannuwan da aka yanka ma na mahaifiyarsu ne, Hajja, kuma yana ɗakin ranar da aka yanka su, yana kallon ƙwallo. Gumi ya gangaro masa ta cikin kwat ɗin Hatim.

"Na ga ma a cikin kayan kake zaune," in ji farfesa yana murmushi. "Waccan ta bayan kafaɗarka, mai jan ƙyalle. Ina za ta?"

Zaharadden ya waiwaya. Jakar da ya juyo da hannunsa ce, tana kallonsa. Ya san akwai ja, akwai kore, akwai shuɗi. Wane launi ne na ina, wannan bai taɓa tambaya ba. Amma yana ganin ai duk kayan duniya Kano suke zuwa.

"Kano," ya faɗa da ƙarfi, yana nuna ta da yatsa.

"Na ga kamar an ƙulla ƙyallen har sau uku. Yana da ma'ana?"

"Don ya yi ƙarfi ne," in ji Zaharadden. "Muna ba inganci muhimmanci."

Dela ba ta jin Turanci, amma ta ji Kano, ta kuma ga mai kwat ya nuna jaka. Shekara ashirin tana aiki a Jidda, ta san in mai kwat ya nuna abu ba a musu. Ta shigo cikin hoton ba sallama, ta sauke jakar, ta fara janta zuwa tarin kayan Kano, waɗanda motar kargo za ta ɗauka da la'asar.

Hikima ta jure an karanta rayuwarta da sunan ƙanenta, amma wannan ya fi ƙarfinta.

"Ajiye, Baba Dela! Damagaram za ta! Ja ne, ƙulli uku, ba ki gani ba?"

"Wallahi na gani, 'yar nan," in ji Dela. "Na ce ko an canza ne, tunda Ustaz ya sa kwat."

Farfesa ya matso da fuskarsa. "Akwai matsala ne?"

A nan Zaharadden yana da hanyoyin fita, kuma duk sun zo masa a lokaci guda. Zai iya cewa ma'aikaciyarsa ce ta yi kuskure. Zai iya cewa layi ya katse. Ya dubi Hikima. Ba harara take yi ba, da ma hararar ce da sauƙi. Ta durƙusa tana gyara ƙullin da ya sassauta, kamar ba da ita ake ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya ji kwat ɗin ta yi masa nauyi.

"Yallaɓai," ya ce, Turancin haddar duk ya gudu, sai ɗan na gaskiya ya rage, "jakar ba Kano za ta ba. Ban san inda za ta ba. Shagon ba nawa ba ne, na yayata ne. Ita ta ƙirƙiro ƙyallen. Ni rubutun kawai na yi."

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ya tambaya ko yayar tana kusa, kuma ko za ta yarda ta amsa masa tambayar ƙullin, don abin ya tsaya masa a rai.

"Ni?" in ji Hikima da Hausa. "Zahar, ka bar ni da aikina."

"Yalla, Yaya. Don Allah."

Ya miƙe ya ba ta kujera, ya manta da lissafinsa na ɗazu, farfesa ya ga futa da silifas tsaf. Hikima ta gyara mayafi ta zauna. Ta yi bayani a taƙaice: launi ƙasa ce, ƙulli gari ne. Ja Nijar, ƙulli ɗaya Yamai, biyu Maraɗi, uku Damagaram. An zaɓi ƙulli ne don mai lodi na iya shafawa da hannu ya gane ko a cikin duhun mota. Farfesa ya tambayi abin da take yi in garuruwa sun fi ƙulli yawa, ta faɗa. Ya tambayi abin da ya taɓa lalacewa, ta ba shi labarin shekarar da rana ta kashe shuɗi ya koma kamar kore, kayan Bamako suka sauka a Sakkwato. Farfesa ya yi dariya har da tari. Minti ashirin suna magana, Zaharadden na tsaye a gefe yana yi mata fifita da kwali.

Daga ƙarshe farfesa ya ce a kira masa Zaharadden. Ya gode masa da ya faɗi gaskiya, ya ce amma ba za a ci gaba da duba takardunsa ba, kuma ya san ya fahimci dalili. Ita kuwa, ya ce, zagayen ƙarshe na neman gurbi zai rufe ranar Alhamis. Bai yi mata alkawarin komai ba.

Hoton ya ɗauke. Dela ta kunna na'urar sanyi ba tare da an ce mata ba.

"Halas, shi ke nan," in ji Zaharadden, ya zauna a kan jakar Damagaram. "Kin ga mutumin da mata suka hana karatu."

Hikima ba ta yi dariya ba. "Da ka tambaye ni, da na koya maka ƙullin."

"Na sani. Ki yafe min, Yaya."

Ta ɗauki igiya tana naɗewa a hannunta. Can ta ce, "Na taɓa buɗe fom ɗin nan, ka sani? Shekarar da ka fara nema. Na kai inda aka ce sai wanda ya shekara biyar yana shugabantar ma'aikata, sai na rufe. Na ce ni ai ba manaja ba ce, ɗaurin kaya nake yi."

Zaharadden ya tuna wurin sarai. Sau uku yana zuwa kansa, sau uku yana danna "e" ko ƙiftawa bai yi ba, alhali abin da ya taɓa shugabanta a duniya bai wuce fanka ba. Ya zaro walat, ya warware jadawalinsa, ya duba can ƙasan da ta taɓa nuna masa. Maza ɗari tara ne suka nema. Mata ba su kai ɗari biyu ba.

"Ki cika shi," ya ce.

"In bar wa wa shagon? In bar wa wa Hajja?"

"Kafilinki Abu Nawaf ba yana ta cewa yana son ƙara mutum a kan takardun shagon nan ba? A maida iƙamata wurinsa. Hajja kuwa ai ni ma ɗanta ne, ko da yake ba ta cika faɗa ba."

"Kai?" Ta dube shi tun daga kwat har silifas. "Kai da ka kusa tura jakar Hajiya Mariyamu ta Damagaram zuwa Kano?"

"Saura kwana huɗu Alhamis. In an ɗauke ki ma sai bayan wata shida za ki tafi. Ko jaki ne ni zan koya."

A waje motar kargo ta yi ham. Zaharadden ya cire kwat ɗin Hatim ya rataye a ƙusa. Ya kife jadawalin a kan gwiwarsa, bayansa fari ne tas, ya ciro biro daga aljihu.

"Ja, ƙulli ɗaya, Yamai," ya faɗa yana rubutawa. "Kore fa?"

Hikima ta ja kwamfutar gabanta, ta daɗe tana kallonta kafin ta ɗora yatsu.

"Tambayi Baba Dela," ta ce. "Ni ina da fom da zan cika."