Takalmin Auta

"Riƙe ni ta wannan gefen, Direba, wancan haƙarƙarin ba nawa ba ne yanzu."

Haka Baba Mai Takalma ya ce mini a matakalar kotun ɗaukaka ƙara, ina tallafe da shi, shi kuma yana rungume da wata baƙar leda. Sau uku muka tsaya ya huta kafin mu kai sama. Mutumin da a da yake ɗaga keken ɗinkin takalmi shi kaɗai, ranar ko rabin buhun gawayi ya fi shi nauyi.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma a ƙofar shagonsa nake ajiye tasi. Autansa a gabana ya girma. Satar babur ta kai shi gidan yari, shekara uku. Saura wata biyu ya fito, faɗa ya kaure a layin ɗiban ruwa, Auta ya ɗaga bokitin ƙarfe ya sauke wa wani fursuna a fuska. Ido ɗaya ya tafi. Aka ƙara masa shekara bakwai, aka mai da shi wani gidan yari mai nisan gaske, aka hana a ziyarce shi har shekara guda. Ba zan wanke shi ba, yaron zuciya gare shi kamar ashana. Uban ma bai taɓa cewa bai yi ba.

"Ya yi," in ji shi. "Wancan ma ɗan wani ne. Ni dai in gan shi kafin ƙirjin nan ya gama da ni."

Likita ya riga ya faɗa masa gaskiya, watanni ne suka rage. Sai Baba ya ƙulla a ransa cewa ranar ɗaukaka ƙara za a kawo Auta a tsayar da shi cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, kamar yadda aka yi a shari'ar farko. Kan wannan ya tashi daga gado. Maganin da yake tofarwa ya koma haɗiyewa, ya buɗe shago, ya yanko fata mai kyau ya fara ɗinka wa Auta takalmi ba awo.

"Ƙafar da nake ɗinka wa tun tana rarrafe, sai na auna?"

Ni kuwa tun wata biyu kafin ranar, lauyar Auta ta kira ni a waya. Ta ce a irin wannan ƙarar ba za a kawo shi ba, tsawon hukuncin kawai za a duba, takardu ne da lauyoyi. Ta ce in gaya wa Baba a hankali. Sau nawa na shiga shagon da maganar a bakina? Sai in tarar yana jan zare yana 'yar waƙarsa, in ɓige da tambayarsa ya jiki. Na daɗe ina kiran abin tausayi. Wallahi ragwanta ce.

Alƙalai uku ne a zaune. Baba ko kallo ba su ishe shi ba, idonsa na kan wata ƙaramar ƙofa ta gefe. Duk buɗewar da za ta yi sai ya gyara zama ya ɗago ledar. Na farko masinja ne da tarin fayil. Na biyu ɗan sanda, shi kaɗai.

Can alƙalin tsakiya ya karanta takardarsa, lauyar ta taho tana murmushi.

"Baba, an rage! Bakwai ta koma huɗu."

"Madalla, 'yata, Allah ya yi miki albarka. To, yanzu za a shigo da shi?"

Ta kalle ni. Na kalli ƙasa.

Na ɗauko shi a mota, muka shigo layinmu na kashe inji.

"Ka sani ko, Direba?"

"Na sani, Baba."

Ya dubi hannuwansa a kan ledar.

"Kayya. Da ka faɗa, da wasiƙa na rubuta masa tun yatsun nan suna riƙe biro."

Na ce ya faɗa ni in rubuta. Ya girgiza kai, ya ce akwai maganar da ba ta bin hannun maƙwabci. Sai ya ɗora mini ledar a cinya.

"Shekara huɗu. Fata ba ta son zama, ka riƙa shafa masa mai."

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya. Da safe ne, ina wanke mota, 'yarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, na ajiye soson.

Takalmin yana saman kabad ɗin ɗakina. Duk farkon wata nakan sauko da shi in zauna a bakin gado da tsumma da gwangwanin mai. Ɗinkin ƙafar dama ya tafi sambal. Na hagu kuwa, daga wajen diddige, zaren ya ɗan karkace.